Katin 'Yar Tela

Ku matso kusa, ku gyara zama. Mai wani abu a hannu ya ajiye shi tukuna, don labarin Mai Kati ba a jin sa da rabin kunne.

Sunansa na yanka yana nan cikin takardun ofis, amma ba wanda ya taɓa wahalar da bakinsa da shi. Yaro da babba, Mai Kati suke ce masa. Shekara ashirin da bakwai ya yi a bayan wata 'yar taga, a ɗakin shan magani na wani ƙauye da hanya ta zo ta ƙare a kansa. In ka ga mota ta iso garin, to ko dai nan ɗin za ta, ko direban ya ɓata. Daga can zuwa babban asibiti tafiyar awa biyar ce idan ƙasa a bushe take. Idan ruwa ya sauka kuwa, sai a daina ƙirga awa a koma ƙirga kwana.

Ɗakin shan maganin ciki uku ne da baranda. Akwai benci biyu, ɗaya ƙafarsa uku ta huɗun bulo ce. Akwai sikelin da ke yi wa kowa kyautar kilo biyu, da gadon haihuwa guda. Babban ma'aikacin wurin ba likita ba ne, amma Likita ake ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Sai Mai Gadi, wanda aikinsa na gaskiya shi ne tsokanar Mai Kati. Sai shi Mai Katin da akwatunansa shida na katako, cike da katin marasa lafiya, kowane da lambarsa, da biro uku a aljihu, da rular da ba ya ba kowa aro.

Rubutu ne ya kai shi wurin. Karatunsa bai wuce firamare ba, mahaifinsa ya rasu, ya koma gona don ƙannensa su samu na sawa a baki. Amma Allah ya ba shi hannu. In ya zana harafi sai ka rantse inji ne ya buga. Makon da aka buɗe ɗakin shan maganin, babban ma'aikacin farko ya ga rubutun da ke jikin shagon tela, ya tambayi wanda ya yi, aka nuna masa saurayin. Da wannan rubutu ɗaya ya samu aiki, da shi kuma ya samu mata, don 'yar mai shagon tana leƙensa tun yana kan tsani riƙe da gwangwanin fenti.

'Yar Tela ita ta gaji keken ɗinkin ubanta. Gidansu yana bayan katangar asibitin, saboda haka daga tagarsa yana jin keken yana tafiya, ya tsaya, ya ci gaba. Da shi yake sanin lokaci. In ya yi shiru da hantsi, ta ɗora tukunya. In ya yi shiru da azahar, abinci na tafe. Mace ce mai baki, ba ta barin magana ta faɗi ƙasa.

"Maigida, yau mutum nawa ka warkar da biro?"

"Goma sha tara."

"Sannu da ƙoƙari. Ni riga uku kacal na ɗinka, amma dai ana ganinsu a jikin mutane."

'Ya ɗaya ce ta rayu musu, ta yi aure can nesa. Su biyu suka rage a gidan, sai keken na uku.

A shekararsa ta takwas a bakin aiki aka turo sabon tsari daga ofishin lafiya. Masu dogon ciwo, irin su hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya da tsohon tari, za a riƙa bin su wata-wata. A bayan kowane kati aka buga gurbi uku da harshen ofis, wanda Mai Kati ya iya kwafa amma ba ya ji sosai. Likitan wancan lokacin, ƙafarsa ɗaya a kan babur, ya fassara masa a tsaye.

"Na farkon nan, sauƙi. Na biyu, yana nan yadda yake. Na uku, ya tsananta. Duk wanda ya zo karɓar magani ka tambaye shi, ka sa alama inda ya ce. Wanda ya faɗa na uku ka turo min shi, in rubuta masa takardar zuwa babban asibiti. Wanda ya yi sauƙi sau uku a jere, ya shafe wata shida bai dawo ba, ya warke, ka rufe katinsa. Ka gane?"

"Na gane, Likita."

To, ku ma kun san halinmu. Ka je ka tarar da mutum kwance, an tokare shi da filo, ko ruwa ba ya iya haɗiya, ka ce masa yaya jiki. Me zai ce maka? Da sauƙi. Ba ƙarya yake yi ba. Godiya yake yi wa Allah, kuma yana rage maka kaya, kada ka tashi ka tafi da damuwarsa a ka.

Ranar kasuwa layi yakan kai har bakin ƙofa. "Sannu Baba, yaya jikin?" "Da sauƙi." Alama a gurbin farko. Wani ma ba ya iya zuwa, sai dai ɗansa ko surukarsa ta kawo katin. "Yaya mai jiki?" "Da sauƙi, mun gode Allah." Alama a gurbin farko. Ƙarshen wata ya ɗauko rula, ya ja layi tsaf, ya tattara lambobin katunan a rajista, ya ba direban motar kasuwa ya kai ofis.

Ba a jima ba aka gano cewa cikin ɗakunan shan magani talatin da ɗaya na yankin, babu mai warkar da mutane kamar nasu. Aka aiko musu da takardar yabo cikin gilashi, aka kafa ta daidai saman tagar Mai Kati.

"Kai da ko allura ba ka iya riƙewa ba," in ji Mai Gadi, "ga shi ka fi likitocin birni. Ka taimaka ka sa wa bayana alama ko zai daina ciwo."

"Bayanka kwanciya ce ta yi masa yawa. Babu gurbinta a kati."

Da aka samu motar asibiti guda ɗaya, da likita na gaske da zai riƙa zagaye da ita, sai aka duba takardu aka ba mutanen hayin kogi, waɗanda alƙalumansu suka fi muni. Su mutanen Mai Kati ai ba su da matsala. Shi da kansa har tausayin na hayin kogin ya ji.

A shekara ta ashirin da uku, keken ya fara canza murya. Sai ya yi shiru a lokacin da ba na girki ba, ya daɗe, sannan ya tashi a hankali. Ƙafafun 'Yar Tela suka kumbura, numfashi ya fara yi mata gardama. Likita, wanda shi ne na huɗu da Mai Kati ya yi aiki da shi, ya auna ta ya ba ta ƙwayoyi, ya ce a buɗe mata kati cikin masu dogon ciwo. Lambarta ɗari huɗu da goma sha biyu. Don kada ta bi layi, Mai Kati yakan kai mata katin har gida.

Wata na farko ya same ta da allura a baki. "Yaya jiki?"

"Da sauƙi. Sa alamarka ka ba ni wuri, ka tare min haske."

Wata na biyu ta daina iya kwanciya a miƙe, a zaune take hutawa, ta jingina da bango. "Da sauƙi, maigida."

Wata na uku, da ya tambaye ta, sai ta daɗe tana kallonsa. Ta dubi katin, ta dubi biron, ta sake dubansa.

"Da sauƙi," ta ce. "Ka ci abinci kuwa?"

Ya sa alama. Bayan kwana goma sha biyu, da hantsi, keken ya yi shiru, ya ce a ransa ta ɗora tukunya. Azahar ta yi abinci bai zo ba. A kan keken ya same ta, rigar 'yar maƙwabta tana ƙarƙashin allura, saura hannu ɗaya.

Bayan wata shida hannunsa ya iso kan katinta a akwati. Alama uku a jere, ba ta dawo ba. Babu gurbin mutuwa a katin, ba a taɓa bugawa ba. Ya daɗe riƙe da biro. Sannan ya ce a ransa, ai ta huta, wanda ya huta kuwa ya rabu da ciwo. Da kyakkyawan rubutun nan nasa ya rubuta ta warke, kamar yadda ya rubuta wa wasu kafin ita, ya mayar da katin wurinsa.

Shekara huɗu bayan wannan, motar kasuwa ta sauke wata mata da jaka biyu da hular rana. Nas ce a babban asibiti. Akwai wata ƙungiya da ke ba ma'aikatan lafiya tallafin shekara guda, su ajiye aikinsu su je su binciko yadda za a kyautata kula da marasa lafiya a ƙauyuka masu nisa. Mutum da yawa suka nema, ita ta samu. Abin da ta ce za ta binciko shi ne sirrin wannan ɗakin shan magani, a gane abin da suke yi daidai, a koya wa sauran talatin ɗin. Kwana biyu da zuwanta Mai Gadi ya raɗa mata Mai Tambaya, don har shi ta tambaya sau nawa yake share baranda.

Da ta buɗe akwatunan sai ta riƙe baki. "Baba, na yi aiki a asibiti uku, ban taɓa ganin kati mai tsafta irin naka ba. Ko gogewa babu."

Ranar nan Mai Kati har gida ya tafi yana murmushi shi kaɗai.

Ta ware katunan da aka rufe cikin shekara biyar na baya, sun kai ɗari biyu. Ta ce za ta bi masu su gida-gida, ta ji daga bakinsu yadda aka yi suka warke. Wa ya san gidan kowa in ba Mai Kati ba? Ya sa wankakkiyar riga, suka fita da sassafe.

A ƙofar gidan farko ta karanta suna. Ya ce, "Ai wannan ya rasu, bara waccan."

"Allah ya jiƙansa. Hatsari ne?"

"A'a, ciwon nan nasa dai."

Ta rubuta, suka wuce. Gida na biyu mai katin tana raye, amma sai da aka riƙo ta aka fito da ita. Na uku ya rasu. Na huɗu ta rasu. Kafin azahar sun shiga gida bakwai, huɗu sun tarar da marayu. Mai Tambaya ta samu wani kututture ta zauna, ta cire hular ta ɗora a gwiwa.

"Baba, dama ka san sun rasu?"

"Yaya ba zan sani ba, 'yata? Har makabarta na raka su."

"Amma ka rubuta sun warke."

"Abin da suka ce na rubuta. Ban ƙara ko ɗigo ba, ban rage ba."

"Me suka ce?"

"Da sauƙi."

Wata akuya ta zo ta shinshina jakarta ta wuce. Can ta ce, a hankali, "Cikin shekara goma sha taran nan, mutum nawa suka taɓa ce maka babu sauƙi?"

Ya ɗaga kai yana lalube. "Biyu. Ɗaya yana da taɓin hankali. Ɗayan baƙo ne, wucewa yake yi."

Sai da maganar ta fita daga bakinsa sannan kunnensa ya ji ta. Ashe duk shekarun nan kamar mai aljihu biyu yake. Mutuwar mutane a ɗaya, katinsu a ɗaya, bai taɓa zazzage su wuri guda ba sai yau da wannan yarinya ta sa shi. Da la'asar, tana can tana wanke ƙafa, ya shiga bayan tagarsa, ya zare kati mai lamba ɗari huɗu da goma sha biyu daga cikin waɗanda ta ware, ya cusa a aljihun ciki.

Wata uku suka yi suna zagaye, wani wurin a babur, wani wurin a ƙafa. Mutum tamanin da uku cikin ɗari biyun sun rasu kafin shekara ta zagayo kan alamarsu ta ƙarshe. Mai Kati ya daina jiran ta karanta suna. Daga lambar yake cewa yana nan, ko ya ce babu shi. Ya rame. Biro uku suka koma ɗaya.

Wata rana tana gwada katunan da rajista, wadda lamba kawai take ɗauka ba suna, ta ce, "Baba, ɗari huɗu da sha biyu yana rajista, amma babu shi a nan."

"Gara ce ta ci, ko ɓera."

Ta dubi akwatunan da ko ƙura ba ta kwana a kansu. "To," ta ce. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Wanda ya tayar da magana Likita ne. "Malama, ke gama aikinki za ki yi ki hau mota, mu za ki bari da kunya. Wurin da ake misali da shi!" Ya juya kan Mai Kati. "Kai kuma kana bin ta kamar jela. Ka san wanda za a fara sallama? Ba ni ba ne."

Ta aika da rahoton rabin shekara. Amsa ta dawo daga kwamitin ofishin lafiya cewa abin da wuya a yarda. Wataƙila sunaye ne suka yi kama, wataƙila ita ce baƙuwa ta rikita gidaje. Alƙaluman shekara goma sha tara ba za a rushe su da kalma biyu ba. In tana so a saurare ta, har a sake duba maganar mota da likita, to ta zo da mai ajiye katin ya faɗa da bakinsa.

"Ba dole ba ne, Baba," ta ce. "Na san abin da zai ci maka."

Kwana uku yana juya maganar a ransa. Rana ta huɗu, wadda ba a aiki, ya shiga ɗakin 'Yar Tela don ya sa wa keken mai, kamar yadda ya saba duk wata. Murfin kwalbar ya faɗi ya gangara ƙarƙashin keken. Ya durƙusa yana lalube, sai hannunsa ya taɓo takalmanta.

Ya fito da su haske. Silifa ne na fata, ta yanke madaurin ta ƙara masa ƙyalle don ƙafarta ta shiga. Ɗinkin ya yi kyau har ba ka lura sai ka duba. Da ya duba sai ya ga ƙyallen ba ɗaya ba ne. Akwai shuɗi, sannan an sake yankawa an ƙara ja. Ya ɗauko rularsa ya auna, don shi mutum ne da ba ya yarda da ido. Shuɗin yatsa biyu, jan yatsa uku. Wata uku takalman nan suna bakin ƙofa, kullum yana tsallake su ya shiga ya tambaye ta yaya jiki.

Ya zauna a ƙasa da takalman a cinya har inuwa ta juya. Sannan ya nemi leda.

Ɗakin taron kwamitin yana da dogon tebur da fanka da robobin ruwa a jere. Mutum bakwai ne. Shugabansu dattijo ne, ya shigo yana dogara sanda, ƙafarsa ɗaya a naɗe da bandeji, ya zauna da nishi. Mai Tambaya ta yi bayaninta, ta nuna lambobi. Wani mai tabarau ya ce duk ya ji, amma shi har yanzu bai ga yadda babba da hankalinsa zai zo asibiti da ciwo ya ce ya ji sauƙi ba. Aka ce mai katin ya yi magana.

Mai Kati ya miƙe. Bai dubi mai tabarau ba, shugaban ya duba.

"Ranka ya daɗe, na ga kamar ƙafa tana damunka. Yaya jikin?"

"Da sauƙi," in ji dattijon, tun kafin ya yi tunani.

Mai Kati ya zaro sabon kati daga aljihu, ya sa alama a gurbin farko, ya ajiye a gabansa. "Saura biyu ka warke, ranka ya daɗe."

Wani ya fashe da dariya, ya kuma haɗiye ta da sauri. Mai Kati ya sa hannu a aljihun ciki ya fito da ɗayan katin, wanda zufa ta riga ta tausasa gefensa. Ya kwance leda ya jera takalman kusa da shi, a kan teburin manya, tsakanin robobin ruwa.

"Wannan katin matata ne. Rubutuna ne, ba wanda ya rikita shi. Ga alama uku, ga inda na rubuta ta warke. Shekara ashirin da biyu muna tare, ba ta taɓa yi min ƙarya ba, ranar ma ba ta yi ba. Gaishe ta na yi, ta amsa gaisuwa. Da na sa mata a na uku, da an ba ta takardar zuwa nan." Ya taɓa jan ƙyallen da yatsa. "Bakinta na saurara. Ban dubi ƙafarta ba."

Mai Tambaya ta juya fuskarta wajen bango.

An yarda da rahoton. Aka sake katin gaba ɗaya, aka cire yaya jiki daga cikinsa. Yanzu tambaya ake yi wadda gaisuwa ba ta amsa ta: jiya ka iya zuwa rijiya da ƙafarka? Sau nawa ka ci abinci? A kwance kake barci ko a zaune? Takalminka yana shiga? Aka kuma ƙara gurbi na huɗu, na wanda ya rasu. Mota da likita aka ce za su riƙa zuwa sau biyu a wata, ko da yake sai da aka yi wata goma sha ɗaya kafin a ga ƙurarsu.

Likita da hannunsa ya sauke takardar yabon, ta bar farin tabo mai kusurwa huɗu a bango. Maganarsa kuma ta tabbata. Takarda ta zo cewa shekarun Mai Kati sun kai ya huta, aka kawo wata mai takardar makaranta ta zauna a tagar. Ya miƙa mata akwatuna shida, ya yi jim, ya miƙa mata rular ma.

A gari ba wanda ya zage shi. Da an zage shi da ya fi masa. Wata tsohuwa ce kawai ta tare shi a bakin kasuwa ta ce, "Ashe da ka sa wa malam a na ukun, da an kai shi birni?" Ya ce, "Da an kai shi, Iya." Ta gyaɗa kai ta wuce. Mai Gadi kuwa ya daina tsokanarsa, ya koma gaishe shi da ladabi, abin da ya fi komai ci masa rai ke nan.

Bayan shekara biyu Mai Tambaya ta dawo ganin ko sabon katin yana aiki. Ta gama da asibiti ta zagaya bayan katanga. Ta same shi a kujera a ƙofar ɗaki, ya lulluɓe ƙafafunsa da zane, keken yana bayansa a rufe.

"Baba! Sannu da hutawa. Yaya jiki?"

"Da sauƙi."

Suka kalli juna. Shi ya fara dariya, ita ma ta kama, suka yi ta yi har tasa ta koma tari, tata ta koma hawaye.

"Ke da kika yi bincike," ya ce yana haki. "Tallafin shekara guda, a banza."

"Kai fa da ka je gaban kwamiti?" Ta share ido, ta jawo turmi ta zauna a gabansa, ta ciro kati daga jaka. "To, mu sake. Jiya ka fita ƙofar gida?"

"Ban fita ba."

"A kwance kake barci?"

"A nan kujerar."

"Takalminka yana shiga?"

Ya dubi zanen da ke ƙafafunsa. Ta ɗaga zanen a hankali. Ƙafafun babu takalmi, sun yi sumul suna ƙyalli.

"Ni ban iya ɗinki ba, 'yata," ya ce.

Ta buɗe biro. Ya miƙo hannu. "Kawo. Rubutunki kamar kaza ta bi ta kan takarda." Ya ɗora katin a gwiwa, ya rubuta sunansa na yanka da haruffan nan nasa, ya sa alama a gurbi na uku. Ita ce ta uku da ya taɓa sawa a wurin, bayan ta mai taɓin hankali da ta baƙo.

Motar ta zo bayan kwana tara, a ranarta. Mai Gadi ne ya ɗauko shi a baya har cikinta, yana cewa, "Kai, ashe nauyi gare ka, duk biron da ka haɗiye ne." Mai Kati ya yi murmushi, don ya daɗe yana jiran wannan. Su uku aka ɗauka ranar, shi da wani manomi da wata mai jego. 'Yarsa ta iso ta yi jinyarsa mako biyar. Likitocin suka ce da an kawo shi tun bara.

Manomin ya dawo da ƙafarsa, mai jegon ma ta dawo da goyonta. Katin Mai Kati ne ya dawo shi kaɗai a hannun direba. Sabuwar mai tagar ta ɗauko rularsa, ta ja layi, ta sa alama a gurbi na huɗu. Mai Tambaya ta roƙi a ajiye shi kusa da ɗari huɗu da goma sha biyu, ko da yake lambobin ba su bi juna ba, aka yi mata.

To, ku da kuke zaune nan, yau da safe wa ya ce muku da sauƙi? Da ya faɗa, kun dubi ƙafarsa kuwa?